Saƙon Kakata da Aka Ɗinke a Fata

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, ta ƙauye kusa da Yekuwa, saura wata biyu a ɗaura mini aure, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta shigo gidanmu aron rariya. Har ta kai bakin ƙofa sai ta juyo, rariyar a hannunta, ta dubi mahaifiyata ta ce, "Ni dai zan faɗa in fita haƙƙi. Da idona na taɓa ganin yarinyar nan a ƙirjin uwar yaron nan tana shan nono. Ku bincika kafin ku haɗa wa da ƙanwa." Ta sa kai ta fita, ta bar mu da tuwo a kan wuta.

Yaron da take nufi shi ne wanda zan aura. Gidansu yana bayan namu, darni ɗaya ya raba mu, kuma wata huɗu kacal ya ba ni a haihuwa. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara shida. Da ya girma ya koma Dungas yana aikin walda. Shekara uku muna tare, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina sonsa sosai.

Abin da ya ba maganar tsohuwar ƙarfi shi ne mahaifiyata ba ta da bakin musantawa. Bayan ta haife ni ciwo ya kwantar da ita, aka kai ta likita a Damagaram, ta yi kusan wata uku. Kakata, wadda ta haife ta, ita ta riƙe ni. Labarin da na tashi da shi shi ne da nonon akuya aka raine ni, har in na yi taurin kai a gida sai a ce ba laifina ba ne, abin da na sha ne. To kakata ta rasu, mahaifina ya rasu, mahaifiyar yaron ta rasu. Duk wanda zai ce e ko a'a yana ƙarƙashin ƙasa.

Manya suka zauna. Liman ya ce maganar mace ɗaya, wadda ba a taɓa jin ta a gari ba sai yau, ba ta isa ta rushe aure, balle tsohuwar ta fara mantuwa. Amma ya ce in akwai hanyar bincike a bi ta, in babu kuma a ɗaura aure ranar da aka sa. Ni wannan bai gamsar da ni ba. Na san garinmu. Za a ɗaura, a ci goro, sannan a yi ta nuna 'ya'yana da baki har su girma. So nake a rufe bakin tsohuwar nan rufewa ta har abada, domin a raina ban yi shakka ko kaɗan ba cewa ruɗewa ta yi.

Kwana biyu bayan zaman, muna tsinke ganyen zogale a tsakar gida, mahaifiyata ta ce, "Ke, matso nan." Ni ce 'yarta ta fari, ba ta kiran sunana. Ta naɗe hannun rigarta ta kwance wata 'yar fata baƙa da ke ɗaure a damtsenta. Na daɗe ina ganin ta.

"Kin san mene ne wannan?"

"Laya ce mana, Inna."

"Muryar tsohuwa ce a ciki."

Ashe lokacin da ciwon ajali ya kama kakata, babban ɗanta, wato kawuna, yana Libiya. Sai ta sa aka kunna mata wayar mahaifiyata a kan ɗaukar murya, ta kori kowa daga ɗakin, ta yi maganarta ita kaɗai. Da ta gama ta miƙa wa mahaifiyata wayar ta ce, "Saƙon yayanki ne, ki ba shi hannu da hannu. Akwai maganar 'yarki a ciki, shi zai san yadda zai yi." Mahaifiyata ta ɗauka maganar awaki ce ko ta murjani. Bayan rasuwar ta ga kowa na aron wayar ana cika ta da waƙoƙi, sai ta sa aka cire mata memwar ɗin, ɗan katin nan da bai kai farcen yatsa ba. Ta duba ɗaki, ta duba kwalla, ta ga babu inda abu ƙarami haka zai tsira a gidan da ke da kaji da rairayi. Hanya ɗaya ta sani ta adana ƙaramin abu mai daraja. Ta kai wa baduku ya ɗinke mata shi.

Shekara shida ke nan yana damtsenta. Da shi take noma, da shi take daka, da shi take wanka. Kawuna kuma bai dawo ba. Ba ta taɓa saurara ba, domin a wurinta amanar wani ce.

Muka hau tudun bayan gari inda ake samun rezo na waya, muka yi ta kiran kawuna har ya shiga. Ya ce, "Ku buɗe. Ni kaina ban san ranar dawowata ba."

Na sa reza na farke ɗinkin a hankali. Badukun ya yi aikinsa yadda ya saba, fata a waje, zare a ciki, sannan takarda. Takardar ta zama kamar danƙo saboda gumi. Memwar ɗin na nan, amma 'yan layukan nan masu ruwan zinariya sun yi baƙi-baƙi. Na sa a wayata, shiru. Na sa a ta mahaifiyata, shiru. Ta ce, "Na kashe shi ko?" Na ce, "Inna, ba ni kwana uku." Har yau in na tuna irin ƙarfin halin da na faɗi wannan magana da shi sai in yi dariya, domin duk ilimina na ordinatar, wato kwamfuta, bai wuce 'yan darussan da aka yi mana a makarantar horon malamai ba, mu goma a kan inji ɗaya.

Lokacin hutun damina ne, don haka washegari na ɗaure memwar ɗin a bakin zanena na hau amalanke zuwa bakin hanya, daga nan na shiga mota zuwa Magarya. Na nufi shagon wani mai tura waƙoƙi da fina-finai a waya. Mutum ne mai fara'a, mai saurin hannu. Ya karɓa, ya goga shi a wandonsa, ya hura masa iska, ya zura shi cikin ɗan gidan roban da ake sa memwar, ya jona a ordinatar. Ta yi ɗan ƙaran nan na cewa ta ji an sa mata abu. Sai wani ɗan akwati ya fito a allo da rubutun Faransanci, wai sai an yi wa faifan formate kafin a iya amfani da shi.

"Ƙaramin abu ne," in ji shi. "Yanzu zai tashi."

Na ga linzamin yana tafiya kan kalmar. A cikin duk abin da aka koya mana, abu ɗaya ne ya zauna mini daram, cewa formate sharewa ce. Ban san lokacin da na cafke masa wuyan hannu ba. Ni, malamar lakwal, da hijabina har ƙasa, amaryar gobe, riƙe da hannun namijin da ban sani ba a tsakiyar kasuwa. Masu jiran layi suka yi tsit.

"Madam, lafiya?"

"In ka taɓa nan, abin da ke ciki fa?"

"Ai zai tafi. Amma memwar ɗin zai gyaru, in zuba miki sababbi. Me kike so, wa'azi ko na biki?"

Ba mugunta ba ce, aikinsa ke nan kullum, kuma yawancin masu zuwa wurinsa katin suke so ba abin da ke ciki ba. Na saki hannunsa, na ba shi haƙuri, na ce ya rufe akwatin ya ba ni abina. Na sayi ɗan gidan roban a wurinsa don in rage kunya.

Daga nan na wuce wurin ƙawata. Tare muka yi kwaleji, ita ta zama sakatariya a ofishin wata ƙungiyar manoma, tana da ordinatar ta hannu wadda batirinta ya tsufa. Na ba ta labari tun daga rariya har hannun mai shago. Da ta gama dariya ta ce, "To kin yi abu ɗaya daidai. Yanzu kada ki ƙara sa shi a wayar kowa. Duk abin da ya rubuta wani abu a kansa, kan muryar kakarki zai rubuta."

Ita ta nuna mini wani ɗan maɓalli a gefen gidan roban, wanda in aka ja shi ƙasa ordinatar za ta iya karanta katin amma ba za ta iya taɓa komai a cikinsa ba. Shekara nawa ina ganin abin ban san amfaninsa ba. Muka goge layukan da gom na goge fensir, a hankali, har suka ɗan yi haske. Muka kulle, muka jona. Akwatin formate ya sake fitowa, muka rufe shi. Sai ta buɗe wani wuri da ordinatar ke jera duk faifan da aka jona mata, nata na ciki da na waje. Ga shi nan a ƙasa, ɗan layi guda, da girmansa a rubuce.

"Kin gani? Ta san girmansa, to bai mutu ba. Takardar da ke gaya mata sunan kowane abu da inda yake ita ce ta lalace. Kayan suna ciki."

"To yaya za a fito da su?"

"Nan ilimina ya tsaya. Na san akwai manhajar da ke bin kati tana tsinto su, amma ban taɓa yi ba."

Na ce to za mu fara yau. Ta dube ni ta ce ita tana da aikin ofis, ni ce mai hutu. Ta ba ni kujera a lungu da ordinatar, da sharaɗin in ta buƙace ta in tashi.

Kwana uku da na ce wa mahaifiyata a neman manhajar kaɗai suka ƙare. Rezo ya zo ya tafi, abu ya kai rabi ya katse. Na zauna da littafina na rubutu ina karanta bayani da Faransanci, kalmar da ban gane ba in rubuta in tambaya. A nan na koyi cewa in an goge abu a kati ba ya tafiya, sunansa kawai ake cirewa, yana nan kwance har sai an rubuta wani a kansa. Na koyi kuma cewa abin da aka tsinto ba a mayar da shi kan katin da ake tsinta, sai a wani wuri daban. Na sayi kile sabuwa, 'yar ma'ajiyar nan da ake jona wa ordinatar, don wannan.

Rana ta huɗu na kunna manhajar. Ta fara tafiya, ɗan layi kore yana ja kamar ba ya so. Ya wuce rabi, hadari ya taso, aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Batirin ya riƙe minti goma ya mutu. Washegari haka aka sake yi, wannan karon saura kaɗan. Na zauna ina kallon baƙin allo, na ji hawaye ya taho, na mayar da shi. Ƙawata ta ce, "Ki haƙura mana. Liman ya ce a ɗaura, me kike nema kuma?" Na ce ina neman ranar da zan kunna wa tsohuwar nan muryar kakata a gaban jama'a, in ga inda za ta sa fuskarta.

Shi ma wanda zan aura ya kira ni. Ya ce, "Kin ɗora wa kanki wahala. Ni ban yarda da maganar nan ba tun farko." Na ce ni ma ban yarda ba, shi ya sa.

Rana ta shida na ɗauki ordinatar a ka, cikin jakar da na naɗe da zane, na kai ta shagon wani mai cajin waya da hasken rana. Na roƙe shi ya ba ni soket ɗaya daga safe har la'asar. Na zauna a kan benci tsakanin wayoyin mutane, na tsare igiyar da ƙafata kada wani ya yi tuntuɓe da ita. Duk wanda ya matso sai in harare shi. Kafin la'asar layin ya cika. Ban zare katin da ƙarfi ba, na bi ta wurin da ake gaya wa ordinatar za a cire abu, na jira har ta ce an iya cirewa. Ƙawata ta ja mini kunne a kan wannan, ta ce wataƙila irin fizgewar nan ce ma ta fara lalata shi tun ranar da aka cire shi daga waya.

Da na buɗe kilen sai murnata ta ragu. Abubuwa ne ɗaruruwa, babu mai suna ko ɗaya, lambobi kawai. Babu yadda za a san wanne ne wanne sai an saurara. Na koma lunguna na ofis, na sa abin sauraro a kunne, na fara daga na farko. Na sha waƙoƙin biki na shekarun da suka wuce. Na sha wa'azi rabi-rabi. Akwai wani mai tsawon minti ashirin, wayar ce ta kunna kanta a cikin kwando, ba a jin komai sai kukan akuya da ƙarar taɓarya. Duk na saurare shi har ƙarshe, don tsoron kada muryar ta biyo baya. Wanda na ji sai in rubuta lambarsa a littafi in ja masa layi.

Rana ta tara, da azahar, ƙawata ta fita salla, ni ina fashin salla. Ofishin babu kowa. Na danna na gaba. Aka yi tari, aka gyara zama a kan tabarma, sai na ji, "Babana, ka saurara da kyau, ba ni da ƙarfin maimaitawa." Haka take kiran kawuna, domin sunan mahaifinta gare shi. Shekara shida ban ji muryar nan ba, ga ta cikin kunnena har da yadda take jan numfashi.

Ta yi maganar gona, ta yi ta awaki, ta faɗi wanda za a ba tukunyarta ta ƙarfe. Ina murmushi ina share hawaye. Sannan ta ce:

"Saura maganar jikata. Na yi wa uwarta ƙarya, na yi wa ubanta ƙarya, Allah ya yafe mini. Nonon akuya bai zauna mata ba. Kwana huɗu tana zawo har idonta ya faɗa. Ubanta kuma ya rantse ba za a ba 'yarsa nonon wata mace ba, wai hali ake sha. Na ga za ta mutu a hannuna. Sai na buɗe wata kafa a gindin darni na kira matar bayan gida. Ban gama magana ba ta miƙo hannu. Kullum in ya tafi gona sai in zura mata ita, ɗanta a dama, tawa a hagu, har uwarta ta dawo. Ko mijinta ba ta gaya wa ba. To su biyun nan wa da ƙanwa ne. Na ga yaron ya fara tsayuwa a hanyar rijiya, shi ya sa nake gaya maka. Uwarta na kasa kallon idonta, kuma ina tsoron ubanta ya huce a kanta. Kai ne babba, ka tsare."

Na cire abin sauraron na ajiye. Fanka tana juyawa, wani yana tallan ruwan sanyi a waje. Kwana tara ina fama da rezo da kuran da harare-harare, ashe abin da zai raba ni da shi nake tonowa da hannuna.

Zan gaya muku gaskiya, domin an daɗe. Na kai linzamin kan lambar, na danna, jerin nan ya fito, da kalmar gogewa a ciki. Babu wanda ya san na samu. In na koma na ce katin ya mutu, wa zai yi musu? Shekara shida a cikin gumi, kowa ma haka yake zato. Mahaifiyata za ta yi kuka kwana biyu, a ɗaura aure ranar da aka sa. Na daɗe hannuna yana wurin. Na ma fara lissafin yadda zan yi wa katin formate ɗin da na hana mai shago, in cika shi da waƙoƙi har bakinsa don kada wani mai taurin kai irina ya tono.

Abin da ya tsayar da ni shi ne na riga na ji. Ko na share kati da kile, ni zan kwana a ɗaki ɗaya da shi ina sane. Kuma na tuna matar da ta miƙo hannu ta ƙasan darni ba tare da ta tambayi komai ba. In na goge, ita ma na goge ta, babu wanda zai taɓa sanin abin da ta yi. Na rufe jerin. Na sa wa abin suna, na kwafa a wayata, na kwafa a ordinatar ƙawata, na cire kilen yadda ya kamata. Da ta dawo ta ga fuskata ba ta tambaye ni ba, ta dai riƙe mini jaka har tasha.

Ban wuce gida ba, Dungas na nufa. Na ga bai kamata ya ji daga bakin manya ba. Na same shi a bakin shagonsa yana haɗa ƙofar ƙarfe. Ya kashe inji ya cire baƙin gilashi yana murmushi, ya ce, "Injiniya, an samu?" Na ce an samu. Na miƙa masa wayar da abin sauraro, na koma gefe na zauna a kan wani guntun ƙarfe.

Na ga lokacin da ya iso wurin, domin murmushin ya tafi, ya dafa bango. Da ya ƙare ya ce, "Wa ya ji ban da ke?"

"Babu."

"Ba ki yi tunanin gogewa ba?"

"Na yi."

Ya gyaɗa kai. "Da ni ne ban san abin da zan yi ba." Ya juya wayar a hannunsa. "Mayar mini baya kaɗan. Wurin da ta ce Innata ta miƙo hannu."

Sau uku na mayar masa. Ya ce shi fuskarta ma ta fara ɓace masa, kuma duk tsawon shekarun nan abin da ake ce masa kawai shi ne mutuniyar kirki ce, ba wanda ya taɓa ba shi labarin abu guda da ta yi. Ya goge ido da bayan hannu, baƙin ƙarfe ya shafe masa fuska. Ya ce in tura masa a wayarsa.

Tare muka kai wa manya washegari. Aka kunna a zauren liman, aka aika wa kawuna nasa. Mahaifiyata ta saurara a ɗakinta, fuskarta a bango, da aka gama ta ce, "Allah ya jiƙan su duka biyu." Da yamma ta ɗebi gero a ƙwarya ta ce in bi ta gidan tsohuwar nan. Ni da na yi kwana tara ina shirya yadda zan kunyata ta, ni na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce me na yi mata? Ta ma manta ta yi maganar.

An daɗe da yin wannan. Na yi aure, shi ma ya yi, 'ya'yansa gwaggo suke ce mini. A lakwal ɗinmu yanzu duk wanda katinsa ko kilensa ya ƙi buɗewa wurina yake kawowa, kuma an san dokokina: kada a taɓa formate, a ja maɓallin kulle, a kwafa wuri biyu, kada a fizge. Suna ce mini na cika tsanani a kan abin da bai kai farce ba. Ba na musu. Ban taɓa nadamar abin da na yi ba, ko sau ɗaya. Amma in wani ya ce muku yin daidai yana sa zuciya ta huce nan take, bai gwada ba. Na yi fiye da shekara ina jin zafin abin.

Ranar da ta fi tsaya mini ita ce wata Juma'a, kamar sati uku bayan an fasa auren. Ya zo gaishe da mahaifiyata, ya yi sallama ya tsaya a ƙofar gida, inda mai neman aure ke tsayawa. Ina tsakar gida ina tankaɗe, kaina ba ko ɗankwali. Na zabura zan ɗauko hijabi. Mahaifiyata ta ce, "Ke, zauna. Wa kike rufe wa kai?" Sannan ta ɗaga murya ta ce, "Shigo mana, ɗana, gidanku ne."

Ya shigo har tsakar gida, ya zauna a kan tabarmarta. Na kawo masa ruwa na ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Ya karɓa ya ce, "Yauwa, ƙanwata." Na zaga bayan rumbu na yi kukana har ya ishe ni, na wanke fuska, na dawo na zuba masa tuwo.